Watannin Koren Mayafi: Hutu da Tafiya Sannu a Rayuwar Kirista

(Wannan jawabi ne da wani malami ya yi wa ɗalibai a taron rufe zangon karatu. Mun buga shi kamar yadda ya karanta.)

 Na lura akwai 'yan'uwanmu Musulmi a cikin zauren nan waɗanda suka rako abokan ɗakinsu, saboda haka zan riƙa bayyana wasu kalmomin coci in na zo kansu. Waɗanda suka riga suka san su, su yi mini haƙuri.

An ce in yi magana a kan hutu, na kuwa san akwai wanda ya ji haka ya yi murmushi, ya ce a ransa ɗalibi ba ya bukatar malamin da zai koya masa barci. Gaskiyarsa. Amma akwai wani kuka da duk wanda ya daɗe yana hulɗa da ɗalibai Kirista ya saba ji, galibi 'yan makonni bayan Ista ko bayan an dawo daga babban taron farkaswa. Yaro ko yarinya za su zo su ce, "Malam, na yi sanyi." Addu'a ta daina daɗi, waƙar da take sa shi hawaye a watan jiya yanzu baki kawai ke rera ta, in ya buɗe Littafi Mai Tsarki sai hamma. Daga nan sai ya yanke wa kansa hukunci, ko dai ya yi wani babban zunubi da bai sani ba, ko kuwa Allah ya juya masa baya. Wani sai ya ƙara kwanan addu'a a kan kwanan addu'a, ya shiga ƙungiyar mawaƙa, ya shiga ta wa'azi, ya shiga ta ziyara, har laccar ƙarfe takwas ta gagare shi, sakamakonsa ya zube. Wani kuma sai ya ce ashe duk abin zumuɗi ne, ya daina zuwa sujada gaba ɗaya. Dukansu biyu hasara ce, kuma tushenta ɗaya: ba wanda ya taɓa gaya musu cewa mafi yawan rayuwar Kirista a lokacin shiru ake yinta.

Bari mu fara da lissafi, tun da yake a jami'a muke. Ikilisiyoyin da suke bin kalandar sujada, kamar Katolika da Angilikan da Lutaran, sun raba shekara zango zango. Akwai Lahadi huɗu na shirin zuwan Almasihu, waɗanda suke farawa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Sai Kirsimeti. Sai kwana 40 na azumi da tuba, daga Larabar Toka. Sai Ista, watau idin tashin Almasihu daga matattu, wanda yake faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, sa'an nan a rana ta 50 a yi Fentikos, ranar tunawa da saukowar Ruhu Mai Tsarki. Kowane zango da launin mayafin da ake shimfiɗawa a kan bagade da na rigar mai jagorar sujada: shunayya domin shiri da tuba, fari domin murna, ja domin Fentikos. To, in ka haɗa waɗannan duka, ka ɗebe su daga mako 52, me ya rage? Mako 33 ko 34. Kusan kashi biyu cikin uku na shekara ke nan, ba babban zangon idi, ba zangon azumi, sai ƙirga Lahadi: ta biyu, ta uku, ta goma sha tara, har ta talatin da huɗu. A gyaran kalandar da aka yi a 1969, zamanin Fafaroma Bulus na 6, sunan da wannan zango yake da shi a Latin ma'anarsa kawai "lokacin cikin shekara". Angilikan kuwa, a littafin addu'arsu na 1662, suna ƙirga shi da Lahadin da suka biyo bayan Lahadin Triniti. Launinsa kore ne.

Na san da yawanku 'yan ECWA ne ko Baftis ko wasu ikilisiyoyin da ba ruwansu da launin mayafi. Amma ku duba shekararku da kyau. In an gama Ista, an yi taron mata, an yi na matasa, ai sai dogon zango na Lahadi bayan Lahadi har bikin godiya na kaka. Ba ku sa masa suna ba ne kawai.

Babban ɓangaren wannan lokaci yana kamawa ne daga Fentikos, watau tsakanin 10 ga Mayu da 13 ga Yuni, har ƙarshen Nuwamba, kusan wata shida. Ku da kuka tashi a ƙasar nan kun riga kun gane abin da zan faɗa: damina ce da kaka. Waɗanda suka tsara kalandar ba su san gero ba, ba su san marka ba, amma sai ga shi ranar da aka shimfiɗa koren mayafi a coci, daji ma yana shirin yafa nasa. Ina so mu ɗan tsaya a gona, domin manomi ya fi mu sanin wannan darasi. Ya yi shuka, ya yi noman firi, ya yi maimai. Bayan nan akwai 'yan makonnin da ba abin da fartanya za ta ƙara wa hatsi. Gero ya yi ciki, zai fid da kai a ranar da zai fid da kai, ko mai gona ya kwana a gindinsa ko ya kwana a ɗaki. Kuma ku tuna, a daidai wannan lokaci ne rumbu ya fi yin ƙasa. Gona shar, ciki ba ƙoshi. Wanda ya ce lokacin jira lokacin daɗi ne bai taɓa jiran sabon gero da tsohon rumbu ba. Duk da haka ba manomin da yake tone shuka kowace safiya don ya ga ko saiwa tana nan. Ɗalibin da yake auna bangaskiyarsa kowane dare da yawan hawayen da ya zubar, tonon nan yake yi.

Akwai misali a Bishara ta hannun Markus, sura 4, wanda ba a samunsa a sauran Bisharu uku. Yesu ya kwatanta Mulkin Allah da mutumin da ya watsa iri, ya shiga kwana da tashi, irin ya tsiro ya yi girma, shi kuwa bai san ta yaya ba. Aikin mai gonar a tsakiyar misalin nan barci ne da farkawa. Ban taɓa ganin an rubuta shi a allon tallar taron farkaswa ba, na kuma san dalili.

Shi kansa Yesu fa? Luka ya ce yana da shekara wajen 30 sa'ad da ya fara hidimarsa a fili, hidimar kuwa bisa ga lissafin da aka saba ba ta wuce shekara uku ba. Tsakanin ƙuruciyarsa da wannan lokaci labari ɗaya tak aka ba mu, na zuwansa Haikali yana ɗan shekara 12. Daga 12 zuwa 30, shekara 18, shiru. Abin da muka sani shi ne mutanen Nazarat sun san shi a masassaƙi. Ku ɗan yi tunani a kan wannan: wanda Kirista suka gaskata shi ne Mai Ceton duniya ya yi shekaru masu yawa a ƙaramin ƙauye yana sassaƙa itace, yana zuwa majami'a ran Asabar kamar kowa, ba kuwa wanda ya ga abin rubutawa. In da wani sakataren zumunta ne yake duba rahotonsa, da ya rubuta masa cewa ba ya da himma. Musa ma ya yi shekara 40 a Madayana, yana kiwon garken surukinsa, kafin ya ga kurmi mai cin wuta. Bulus, bayan abin da ya same shi a hanyar Dimashƙu, ya tafi Arabiya, sai bayan shekara uku ya je Urushalima ya ga Bitrus. Sa'ad da almajirai suka dawo daga aike suna ɗokin ba da labari, jama'a na kai da kawowa har ba su sami zarafin cin abinci ba, abin da Yesu ya fara yi shi ne ya ce su keɓe su ɗan huta.

Amma labarin da na fi so ɗalibin da ya yi sanyi ya karanta shi ne na annabi Iliya, a Littafin Sarakuna na Fari, sura 18 da 19. A kan Dutsen Karmel ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko, ruwan da aka yi shekaru ana jira ya zubo. Ba taron farkaswar da ya kai wannan. Ba a jima ba saƙon barazana ɗaya daga Yezebel ya sa ya gudu har Biyer-sheba, ya nausa jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. To, me aka yi masa? Ba a yi masa wa'azi ba, ba a ce ya ƙara azumi ba. An bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya ci ya sha ya koma barci, aka sāke tashe shi aka sāke ba shi. Sai da jiki ya dawo tukuna aka yi zancen ruhu, can a Horeb, inda iska mai ƙarfi ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, Ubangiji ba ya cikin ko ɗaya, sai a wata 'yar murya mai taushi. Mutumin da ya saba ganin Allah a cikin wuta sai da aka koya masa saurare. Ra'ayina, na kuwa faɗa ba tare da jin nauyi ba, rabin waɗanda suke zuwa da kukan sanyin ruhu abin da suke bukata da farko tuwo ne da barcin sa'a takwas.

Yanzu bari in amsa wa wanda yake cewa a ransa, "Malamin nan yana halatta mana lalaci." Tsoffin Kirista sun riga mu tunanin wannan. A ƙarni na 4, a hamadar Masar, an yi mutanen da suka bar gari suka keɓe kansu don ibada, irin waɗanda littattafan Larabci suke kira ruhubanawa. Ɗaya daga cikinsu, Ibagiriyus mutumin Fontus, wanda ya rasu a 399, ya rubuta bayanin wata cuta ta zuciya da suke kira aljanin tsakar rana. Ya ce takan kama mutum daga hantsi zuwa bayan azahar. Sai ya ga rana ta ƙi tafiya, ya riƙa leƙen taga, ya fita ya duba sama, ya komo. Sai ya tsani ɗakinsa, ya tsani aikin hannunsa, ya ga 'yan'uwa ba su ƙaunarsa, zuciya ta riƙa raya masa cewa a wani wuri dabam ne zai bauta wa Allah da kyau. Ku lura, wannan kasala ba ta kwantar da mutum, tashinsa take yi. Ita ce take sa ɗalibi ya canja zumunta uku a zango ɗaya, yana neman inda wuta ta fi ci. Ita ce kuma take sa shi ya buɗe littafi, kafin ya kai ƙarshen shafi ya duba waya sau biyar. Tagar Ibagiriyus ce ta dawo aljihu. Maganin da suka bayar mai ɗaci ne: zauna inda kake, ka ci gaba da abin da kake yi, rana za ta faɗi. Shekaru fiye da dubu bayan haka Ignatiyus na Loyola, wanda ya rasu a 1556, ya ba almajiransa shawara irin wannan, cewa kada mutum ya canja niyyar da ya ƙulla a lokacin haske sa'ad da yake cikin duhu.

Su kuwa waɗannan masu tsananin ibada ba su raina hutu ba. Ana ba da labarin Antoni na Masar, wanda ake ɗauka uban ruhubanawa, cewa wani maharbi ya tarar da shi yana raha da almajiransa, abin ya ba shi haushi. Antoni ya ce ya ɗana kibiya ya harba, ya sāke, ya sāke, har maharbin ya ce in ya ci gaba da ja haka bakan zai karye. Antoni ya ce haka mutum yake. Mu ma muna da namu: ganga in ta faye zaƙi, fashewa za ta yi.

Wanda ya fi kowa tsara wannan al'amari shi ne Benedik na Nursiya, wanda ya kafa gidan ruhubanawa a Monte Kasino ta Italiya a ƙarni na 6, ya kuma bar ƙa'ida mai babi 73 wadda har yau ake bi. A babi na 48 ya fara da gargaɗi a kan zaman banza, ya raba yini tsakanin addu'a da aikin hannu da karatu. A cikin babin nan dai ya ce daga Ista zuwa farkon Oktoba, in an tashi daga cin abincin rana, kowa ya kwanta a gadonsa shiru, mai son karatu ya karanta ba tare da ya dami wani ba. Ƙailula ke nan, an rubuta ta cikin dokar ibada. Zabura 150 kuwa ana bin su duka kowane mako, ko an ji daɗi ko ba a ji ba, mako bayan mako har mutuwa. Wanda ya zo neman shiga, a bar shi a ƙofa kwana huɗu ko biyar a ga haƙurinsa, in ya shiga a gwada shi shekara guda, a karanta masa ƙa'idar sau uku, kafin a karɓi alkawarinsa. Daga cikin alkawarin har da cewa zai zauna a gidan nan, da mutanen nan, ba yawo. Ku kwatanta da yadda muke naɗa wanda ya tuba a watan jiya shugaban addu'a a watan nan, sa'an nan mu yi mamaki in ya faɗi. Sauri ya haifi nawa.

Kusa da gida ma haka abin yake. Dokta Walter Miller ya fara shigowa ƙasar Hausa a 1900, amma cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikinsa da na abokan aikinsa da Hausawan da suka zauna da su suna tace kalma, bai fito ba sai 1932. Littafin da kuke saukewa a waya cikin minti ɗaya jikan wancan zama ne.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. Wani zai ce hutu na mai hali ne. Ɗalibin da zai bar nan gobe ya hau babur ɗin haya ko ya zauna kan keken ɗinki don ya tara kuɗin makaranta, da yarinyar da za ta koma gida ta karɓi girki da rainon ƙanne daga hannun uwar da ta gaji, ina ruwansu da ƙailular Benedik? Tambayar tana kan hanya, kuma Attaura ta riga ta amsa ta da amsar da ta fi tamu tsauri. Dokar Asabar, kamar yadda take a Maimaitawar Shari'a sura 5, ba ta tsaya kan maigida ba. Ta ambaci ɗa da 'ya, bawa da baiwa, sa da jaki, da baƙon da yake cikin gari, ta kuma ba da dalili: ku tuna kun yi bauta a Masar. Watau an ɗora wa mai iko nauyin hutun wanda ba shi da iko. A Fitowa sura 34 an ƙara da cewa ko a lokacin huɗa da lokacin girbi a huta, daidai lokacin da kowane manomi yake da hujjar ƙin hutawa. Sarki Kwanstantin, da ya kafa dokar hutun Lahadi a daular Rum a 321, bai iya kai wa nan ba, sai ya keɓe manoma. Ƙasa ma an ba ta nata: Littafin Firistoci sura 25 ya ce a bar ta ta huta kowace shekara ta bakwai, abin da kakanninmu suke yi in sun bar gona ta zama saura. Saboda haka in kin koma gida kika ga yarinyar da take yi muku aiki tana wanke-wanke ran Lahadi alhali ku kuna coci kuna waƙa, to, wannan jawabi ya shafe ki ta wata fuskar da ba ki zata ba. Hutun da aka gina a kan gajiyar wani ba shi ne wanda aka umarta ba.

Akwai kuma shirun da ba mu muka zaɓa ba. Yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Waɗanda abin ya rutsa da su sun san zaman nan bai yi kama da hutu ba, ya fi kama da zaman tasha. Haka zaman jiran aiki bayan bautar ƙasa, da zaman jinya, da zaman makoki bayan 'yan gaisuwa sun watse. Ba zan yaudare ku in ce waɗannan alheri ne a ɓoye ba. Wasunsu zalunci ne, ya kuwa kamata a kira su da sunansu. Abin da zan iya cewa shi ne wanda ya saba da 'yar ƙaramar ƙa'ida a lokacin lafiya, Zabura ɗaya da safe, sujadar Lahadi ko da wa'azin bai burge ba, tashi da kwanciya a kan lokaci, yana da abin riƙewa in irin wannan zama ya zo. Uwa Teresa ta Kalkata ta rasu a 1997, sai a 2007 aka buga wasiƙunta, duniya ta ga cewa ta yi kusan shekara 50 tana fama da jin kamar Allah ya yi nisa. A duk tsawon shekarun nan tana tashi da asuba ta yi addu'a, ta fita wurin marasa lafiya.

A cocin da suke bin tsarin karatu na shekara uku, a watannin kore ne ake ɗaukar Bishara guda, Matiyu a shekara ta fari, Markus a ta biyu, Luka a ta uku, a bi ta kaɗan kaɗan, Lahadi bayan Lahadi. A nan ne ake jin abubuwan da idi ba ya tsayawa a kansu: bashi, gādo, gardamar almajirai a kan wane ne babba, yadda za ka zauna da ɗan'uwan da ya ɓata maka rai. Wanda zai yi hutun nan a gida zai iya gwada haka. Markus sura 16 ce kacal. Kada ka cinye ta a dare ɗaya don ka ba da shaida; ɗauki 'yan ayoyi kowace rana, ka bar ta ta kai ka har a dawo.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin zumunta ne, tun da yake na ga takardar shirye-shiryenku ta zangon da ya wuce. Litinin nazari, Talata koyon waƙa, Laraba addu'a, Alhamis taron shugabanni, Jumma'a kwanan addu'a, Asabar wa'azin ƙauye, Lahadi sujada safe da yamma. Ranar hutu kanta ta fi sauran cika. In kun zauna tsara na zango mai zuwa, ku bar yamma ɗaya a mako ba komai a rubuce, kada kuma ku sa mata suna, domin da zarar ta sami suna za ta sami shugaba da sakatare da ma'aji. Za a sami wanda zai ce kun ja da baya, watakila ma ya kai ƙararku wurin fasto. In ya kai, ku turo shi ofishina, amma ban da tsakanin ƙarfe biyu da uku na rana.

Shugaba, a nan zan dasa aya.  Allah ya kai kowa gida lafiya.